Rahoton da Na Rubuta a Kan Mai Lamba Biyar

Na manta abubuwa da yawa na shekarar da na yi hidimar ƙasa. Na manta sunayen wasu da muka zauna ofis ɗaya da su, na manta ma ko wane launi ne a ƙofar ofishin. Amma akwai wata takarda mai shafi biyu da na rubuta a wannan shekarar, wadda ba na jin za ta fita daga raina har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ba ƙarya na rubuta a cikinta ba, wannan kam ina da tabbaci. Duk da haka, in na tuna ta sai kunya ta kama ni.

Bayan na gama digirina a fannin motsa jiki, sai aka tura ni ofishin wasanni na wata jami'a a nan Tamale, abin da muke kira sabis. Aikin ba wani babba ba ne. Ni ke riƙe fayil ɗin 'yan ƙwallon makarantar, ni ke auna gudunsu da tsallensu da nauyinsu, ranar wasa kuma in hau saman benci in ɗauki bidiyo da waya. Kocin ƙungiyar, wani dattijo mai furfura da ya buga ƙwallo a zamaninsa, bai taɓa wahalar da kansa ya riƙe sunana ba. "Sabis, zo nan," shi ne kawai kiran da nake amsawa.

Ya kamata in faɗi wani abu game da halina, don in ba haka ba abin da na yi ba zai shiga kan kowa ba. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ina iya kulle ɗaki in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon. A shekarata ta ƙarshe a jami'a kuma na faɗa hannun wani malami wanda duk inda na rubuta magana kai tsaye sai ya ja mata jan layi, ya rubuta a gefe: ina hujjarka? Na fito daga hannunsa ba na iya cewa rana ta fito, sai dai in ce da alama ta fito. A lokacin ina ganin wannan shi ne ilimi. Wataƙila wani ɓangare nasa ilimin ne, ban ce ba.

A cikin 'yan ƙwallon akwai wani da zan kira mai lamba biyar, don lambar da ke bayan rigarsa ke nan. Shi ne mai tsaron baya na tsakiya, wato mutumin ƙarshe da ɗan wasan gaba zai wuce kafin ya fuskanci gola. Unguwarmu ɗaya da shi a Lamashegu, na girme shi da shekara uku. Mahaifiyarsa, wadda duk layin muke kira Mma, tana sayar da shinkafa da wake a bakin hanya, kuma tun ina firamare nake ci a wajenta. Shi kuwa tun ranar da ya ga na fara sa tabarau ya laƙaba mini Farfesa, bai sake kirana da wani suna ba.

Ba shi da irin wasan da ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye. Ba ya yawan kwanciya a ƙasa ya share ƙafar mutum, ba ya kuma yawan gudu. In ka kalle shi na minti goma za ka ce malalaci ne. Sai ka kalli bidiyon a hankali, kamar yadda aikina ya tilasta mini, sannan za ka ga abin da yake yi. Kafin mai ƙwallo ya ɗaga ƙafa, shi ya riga ya taka taku biyu zuwa inda ƙwallon za ta faɗo. Na tuna wani wasa da wata jami'a daga kudu ta zo da wani ɗan wasan gaba mai gudu kamar barewa, wanda aka ce ya zubar da ƙwallaye a ragar kowa. Ran nan yaron ya yi ta gudu har rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma duk inda ya isa sai ya tarar da mai lamba biyar a tsaye yana jiransa, kamar mai jiran mota a tasha. Da aka tashi Koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabis, ka ga wannan? Da ƙwaƙwalwa yake gudu. Irinsu ba sa zuwa kullum."

Abin da ya zama sanadin komai ya faru ne a watan azumi. Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Tamale da kujerar babur ke ƙona mutum ta cikin wando. Ofis ya matsa cewa lallai a miƙa sakamakon gwajin 'yan wasa kafin a tafi hutu, filin kuma ba mu same shi ba sai bayan azahar. Yawancin 'yan ƙungiyar 'yan kudu ne, ba sa azumi, sun zo da gorunansu na ruwa. Sauran Musulmi biyu da ke cikinsu suka turo saƙo cewa ba su da lafiya, kowa kuma ya san irin ciwon. Mai lamba biyar ne kaɗai ya zo da bakinsa a bushe, don shi bai taɓa fashin atisaye ba.

Na ce masa, "Ka bari mana sai bayan Sallah, zan nemi a sake ba mu rana."

Ya yi dariya ya ce, "Farfesa, kai da ka san ofishinku? Ranar da za su sake bayarwa na yi jikoki. Danna agogonka kawai."

Na danna. A gajeren gudu, wanda ake auna yadda mutum ke tashi daga tsaye, ya zo na biyun ƙarshe. Wanda ya biyo bayansa golanmu ne mai tumbi. Aka yi ta yi masa tsiya, shi ma yana dariya yana cewa su jira shi bayan buɗa-baki. Na rubuta sakamakon a fayil, a gefensa kuma na sa da fensir: yana azumi. Ban sake gwada shi ba. Na yi niyya, amma hutu ya zo, bayan hutu kuma aka shiga shirin gasa.

A gasar jami'o'i ta shekarar muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma a can ne masu neman 'yan wasa suka gan shi. Ba a yi sati biyu ba wani kulob na babban rukuni daga kudu ya fitar da sunayen ɗaliban da ya zaɓa, nasa yana ciki. Ranar da labarin ya iso Lamashegu, Mma ta yi ta zuba wa mutane abinci tana ƙara ƙwai ba a tambaya ba. Masu yalo-yalo, wato babura masu ƙafa uku na haya, suna wucewa suna danna hon suna ɗaga mata hannu. Wani tsoho mai gyaran keke, wanda bai taɓa kallon wasa ko ɗaya ba, ya tsaya yana ba mutane labari cewa shi tun yaron yana rarrafe ya ga alama a ƙafarsa.

Sai dai zaɓen ba shi ne ƙarshen magana ba. Kulob ɗin ya kira su sansanin atisaye na 'yan kwanaki, bayan nan ne zai miƙa jerin sunayen da za a yi wa rajista a kakar wasa. Masu tsaron baya biyu aka zaɓa daga jami'o'i, shi da wani daga wata makaranta, gurbin kuwa guda ɗaya ne. Wanda sunansa bai shiga rajista ba zai tattara kayansa ya koma gida.

Yana can sansani sai mai duba 'yan wasa na kulob ɗin ya bugo wa Koci waya, ya ce suna son rahoto a rubuce daga makarantar kowane yaro: ƙarfinsa, rauninsa, halinsa, da shawarar ko a ɗauke shi. Koci ba ya son rubutu, ko takardar neman ƙwallaye ni nake rubuta masa. Ya leƙo ofis ya ce, "Sabis, kai ne mai turanci. Rubuta musu. Ka san yaron, ka fi ni saninsa ma. Ka aika kafin Juma'a."

Na ce, "Koci, ba za ka duba ba kafin in aika?"

Ya ce, "In duba me? Yaron nan ko makaho ya san abin da zai ce a kansa."

Ban san yadda maganar ta kai kunnen Mma ba, amma washegari da na tsaya sayen abinci sai ta riƙe kwanon ba ta miƙo mini ba. Ta ce, "Ɗana, na ji an ce takardar ƙaninka a hannunka take."

Na ce, "Haka ne, Mma."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Na kwanta da hankalina ke nan. Na gida ne zai rubuta."

Ta faɗi haka ne don ta nuna ta yarda da ni. Ni kuwa maganar sai ta shige ni ta wata hanya dabam. Na gida ne zai rubuta. Ina kan babur zuwa ofis ina ta juya ta. Idan mutanen kulob suka gano cewa unguwarmu ɗaya fa? Idan suka ce na yabe shi ne don ina cin abincin uwarsa? Idan na ce gwani ne, ya je ya yi kuskure a wasan farko aka zura musu ƙwallo, sunan wa ke ƙasan takardar? Ni ban ko fara aiki ba, wannan ce takarda ta farko da za ta fita duniya da sa hannuna. Kafin in kai ofis na riga na yanke cewa zan rubuta rahoton da babu wanda zai iya kama ni da son kai a cikinsa.

Kwana uku na yi a kan shafi biyu. A rubutun farko na buɗe da cewa shi ne mai tsaron baya mafi iya karanta wasa da na taɓa gani. Na zauna ina kallon jimlar, sai na ji kamar malamin nan nawa yana tsaye a bayana da jan bironsa. Masu tsaron baya nawa ka taɓa gani? Na goge. Na mayar da ita cewa yana nuna alamun fahimtar wasa a matakin jami'a, ko da yake ba a gwada shi a mataki na sama ba. Na rubuta cewa yana da kyau a ƙwallon sama, amma na ƙara cewa yawancin waɗanda ya kara da su ba dogaye ba ne. Na rubuta cewa bai taɓa karɓar jan kati ba, sannan na bi da cewa hakan yana iya nuna natsuwa, yana kuma iya nuna rashin zafi. Duk yabon da na ajiye sai na aza masa dutse a kai, kamar mai shanyar da yake tsoron iska.

Sai na zo kan gudu. Sakamakon gwajin nan na watan azumi shi ne kaɗai abin da nake da shi a rubuce, kuma a ganina abin da aka auna ya fi abin da ido ya gani. Na sa shi yadda yake. A ƙasansa na rubuta cewa an yi gwajin ne da tsakar rana yana ɗauke da azumi. Na karanta layin sau da yawa. Sai wata zuciyar ta ce mini, wannan ai uzuri kake nema masa. Mutanen nan 'yan kudu ne, za su ce Musulmi ya kare ɗan'uwansa Musulmi. Kuma wa ya tabbatar maka cewa azumin ne ya rage masa gudu? Ka sake gwada shi ne? Ban sake ba. Don haka na goge layin. A wurinsa na rubuta cewa saurin tashinsa abu ne da zai so a sa ido a kai.

Wannan layin da na goge shi ne ya fi damuna har yau. Sauran rubutun zan iya cewa rowar yabo ce. Wannan kuwa gaskiya ce da na sani, na rubuta ta da hannuna, sannan na cire ta don kada a yi mini wani zato.

A wurin shawara ta ƙarshe, inda aka tambaya ko a ɗauke shi, na rubuta cewa zai iya amfanar kulob ɗin idan aka ba shi lokaci da horon da ya dace, amma masu horarwa ne suka fi cancanta su yanke hukunci. Na aika ta imel ranar Alhamis da yamma. Na tuna har wani daɗi na ji, irin na wanda ya sauke amana.

Bayan kwana tara mai lamba biyar ya dawo Tamale. Ban je tasha ba, a wajen Mma na gan shi yana taya ta ɗaura rumfa, jakarsa tana jingine a bango ko buɗe ta bai yi ba. Ya gan ni ya yi murmushi.

"Farfesa, an dawo da kayanku."

Na ce, "Me suka ce?"

"Wai ba ni da gudu. Wai ƙwallon sama ba irin ta makaranta ba ce." Ya ɗaga kafaɗa. "Ban san inda suka samo wannan ba, ko tsere ba su sa mu mun yi ba, ruwan sama ya hana. Amma ba komai, rabon wancan ne."

Mma ta ce, "Kai dai ka yi naka, ɗana. Allah ya saka maka. Abin da ba rabo ba ko an rubuta da zinariya ba zai zama ba." Ta zuba mini abinci ta ƙara wagashi, soyayyen cukun nan. Na ci. Wallahi na zauna na cinye, ina jin kowace loma kamar tsakuwa, ban gaya musu abin da na rubuta ba. Na gaya wa kaina cewa ba lallai takardata ce ba. Ai sun gan shi da idonsu. Ai ba ni na yanke hukunci ba, har na rubuta cewa su ne za su yanke.

Da wannan na yi ta lallashin kaina har kusan ƙarshen kakar wasa, lokacin da kulob ɗin ya zo buga wasa a Tamale. An nemi 'yan ofishinmu mu taimaka a fili, ni aka sa wajen ɗakin baƙi. Kafin a fara wasa na ji ana kiran wani mutum mai ƙiba da hular sanyi da sunan da na gani a imel. Shi ne mai duba 'yan wasan. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya girma a zangon Kumasi, yana jin Hausa irin tasu. Ya kalle ni sama da ƙasa ya fashe da dariya.

"Kai ne? Masta, na ɗauka wani tsoho ne mai haushin yaron. Me ya yi maka? Ya ƙwace maka budurwa?"

Na ce, "Ba abin da ya yi mini. Ƙanina ne ma, unguwarmu ɗaya. Na yi ƙoƙari ne in yi adalci."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Zauna in gaya maka yadda muke aiki. Shekara da shekaru ina karanta takardun makarantu. Kowa nasa zaki ne. Kowa nasa ba a taɓa haihuwar irinsa ba. To mu mun sani, duk takardar da ta fito daga gidan yaro sai mu raba yabon biyu mu zubar da rabi. Takardar ɗayan yaron, kocinsa ya ce katanga ne, ya ce jirgi ne. Muka raba biyu, ya saura ɗan wasa mai kyau. Taka da muka raba biyu, Masta, ba abin da ya saura. Kocinmu ya ce, in mutanen gidansa ma ba su iya cewa a ɗauke shi ba, akwai abin da suka sani ba su son faɗi."

Na ce, "Amma kun gan shi a sansani."

"Mun gan shi. Ni na kawo sunansa tun farko, ina son shi. Amma sati biyu ba ya isa a san mutum, kuma yaronka ba ya gudu a fili, ka sani. Koci yana ta tambaya, wayo ne ko nauyin jiki? Sai ga takardarka da sakamakon gwaji. Magana ta ƙare."

Na ce, "Yana azumi ranar da aka yi gwajin. Da tsakar rana ne."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "To me ya sa ba ka rubuta ba? Ni ma ina azumi, Masta. Rabin 'yan wasanmu suna yi. Da layi ɗaya ka sa, da na sa an sake gwada shi." Aka kira shi daga ƙofa, ya miƙe ya gyara hularsa ya tafi. Ban kalli wasan ba, ko da yake ina cikin filin har aka tashi.

A satin na rubuta sabon rahoto, wannan karon ba dutse a kan komai, na aika masa. Ya amsa da cewa ya gode, zai ajiye, amma gurbin ya cika kuma wanda suka ɗauka yana ƙoƙari. Daga baya na ji mai duba 'yan wasan ya bar kulob ɗin. Ba zan ce da an ɗauki mai lamba biyar da ya zama wani tauraro ba. Wataƙila da ya zauna a benci, wataƙila da ya ji rauni, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ƙofar ta buɗe masa sau ɗaya, irin ƙofar da ba ta cika buɗe wa ɗan arewa mai shekara ashirin da 'yan kai sau biyu ba, ni kuma ina tsaye a bakinta ina auna kalmomi.

Shekara biyu na yi ban gaya wa mai lamba biyar ba. Na canza hanyar da nake bi da safe don kada in wuce wajen Mma, har ta aiko a tambaya ko ta yi mini laifi. Shi kuwa ya gama karatu, ya sami koyarwa a wata makarantar sakandare a unguwar Choggu, yana kuma buga wa wani ƙaramin kulob na gari a ƙarshen mako. Wata Asabar bayan la'asar na kasa daurewa, na hau babur na same shi a filin makarantar yana zaune a kan benci yana kwance igiyar takalmi. Na zauna kusa da shi na faɗa masa komai, har da layin da na goge. Ina magana ina kallon ƙasa.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya cire takalmin ɗaya ya buga shi a ƙasa, ƙura ta zuba.

Ya ce, "Ka yi ƙarya a ciki?"

Na ce, "A'a."

"To bari in tambaye ka. A lokacin, da kai ne kocin, za ka ɗauke ni?"

Na ce, "Ko ban yi tunani ba."

"Ka tabbata? Ba wataƙila?"

"Na tabbata."

Ya jinjina kai. "Ka ga wannan da ka faɗa yanzu, shi kaɗai nake buƙata a lokacin." Sannan ya ci gaba, muryarsa ba fushi a ciki, abin da ya fi fushin zafi ke nan. "Farfesa, ka san abin da ke jawo ci a baya? Ba wanda ya tashi ya kuskure ƙwallo ba ne. Wannan ana yafe masa. Idan ƙwallo ta taso tsakanina da gola, dole ɗayanmu ya yi ihu ya ce tawa ce. In na ce tawa ce na kuskure, kowa ya ga laifina, a zage ni a wuce. Amma akwai wanda ke yin shiru ya ɗan matsa gefe, don in ta shiga kada a ce shi ne. A bidiyo ba ka ganin laifinsa. Mu da ke cikin fili mun san shi."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, don Allah. Da a shekarar ka gaya mini, ban san abin da zan yi maka ba, gara da ka jira." Ya ɗan yi dariya, ta tsaya a rabi. "Amma kada ka gaya wa Mma. Har yau in an yi maganar tana cewa ɗanta Farfesa ya yi iya ƙoƙarinsa. Bar ta da wannan. Kuma ka koma cin abincinta, tana zaton shinkafarta ce ta lalace."

Na koma. Har yau ina ci, har yau tana ƙara mini wagashi, kuma ban gaya mata ba. Ina jin wannan shi ne hukuncina, kuma bai yi yawa ba.

Yanzu aikina ya sa ina rubuta irin waɗannan takardu a kai a kai, na 'yan wasa da na ɗalibai masu neman gurbi. Halina bai canza gaba ɗaya ba, ina karanta kowace takarda sau biyar kafin in aika. Amma na koyi yi wa kaina tambaya ɗaya a kan kowane sharaɗi da na ƙara: wannan don mai karatu ya fahimci yaron ne, ko don in kare kaina? In na kare kaina ne sai in cire. Na ɗauka a da cewa adalci shi ne ka tsaya a tsakiya inda babu wanda zai zarge ka. Ashe idan an nemi shaidarka a kan mutum, kuma ka san alherinsa, tsayawa a tsakiya ma ɓangare ne ka ɗauka, kuma ba nasa ba. Wanda ya san gaskiya ya faɗe ta da cikakken baki, ya sa hannu a ƙasa, ya yarda a zarge shi in ta kama. Ni na kare sunana a ranar, sunan da babu wanda ya sani, da damar wani da ba ta sake dawowa ba.